Ƙugiyar Bayan Tsohuwar Mota: Kafin Ka Ɗaura Tirela



Duk wanda ya saba bin bayan motocin Kwatano a kan titi, Golf ce ko Sharan ko Peugeot 406 mai dogon baya, ya san wani ƙarfe da ke leƙowa ta ƙarƙashin bamba, ya lanƙwaso sama, da ƙwallon ƙarfe a bisa kansa. Wasu sun ɗauka kariya ce daga mai bugo mota ta baya. Wasu kuma da sun sayi motar sai su kai wa mai walda ya datse shi, don yana bugun ƙauri in an zo buɗe but. A can Turai inda motar ta fito, da wannan ƙugiya maigida ke jan ƙaramar tirela ya kai shara juji, ko ya ja ɗakin kwana mai taya zuwa hutu, ko akwatin ɗaukar doki. Wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ne ya fito da dabarar ƙwallon tun cikin shekarun 1930, kuma har yau a kanta ake: ƙwallo mai faɗin milimita 50, da baki a wuyan tirela wanda ke kifuwa a kansa ya kulle.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023 kuɗin ɗaukar kaya ya hau, don haka ba abin mamaki ba ne mai tsohuwar mota ya zauna ya yi lissafi. Manomi yana son kai injin ban ruwa fadama ya dawo da albasa. Mai hayar kujeru da rumfunan biki ya gaji da biyan a-kori-kura. Ga mota a ƙofar gida, ga mai walda a bakin layi, me zai hana? Ni dai ban ga laifin wannan tunani ba, ina ma goyon bayansa. Abin da ke damuna guda ne: mota tana iya jan abin da ba za ta iya tsayar da shi ba. Ko ƙaramin inji zai motsa tan 2 a shimfiɗaɗɗen titi, mai mota ya ji daɗi ya ce ai ta ja. Sai ranar da yaro ya gifta, ko akuya ta faɗo kwalta, ya taka burki, nauyin baya ya ci gaba da turo shi. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan ya rataya.

Kafin a taɓa sifana, a buɗe bonet ko ƙofar gaba a nemi ɗan allon nan na ƙarfe ko na leda da kamfani ya manna, wanda lambar shasi ke jikinsa. A motocin Turai za ka ga lambobi huɗu a jere, kowace da kilo a gefenta. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta. Ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Biyun ƙarshe nauyin da ƙafafun gaba da na baya za su iya ɗauka ne. A cire ta farko daga ta biyu. Misali, in ta farko 1,600 ce, ta biyu 2,800, to tirelar da motar nan za ta ja kada ta wuce kilo 1,200, ita da kayanta. In kuwa ka tarar layi na biyu babu komai a kansa, kamfanin da ya ƙera motar bai yarda ta ja komai ba, maganar ta ƙare daga nan.

Amma a kula, wannan kilo 1,200 ɗin na tirela mai burkin kanta ne. Irinta tana da wata dabara a wuyanta: in mota ta rage gudu, wuyan ya matsu, sai ya ja wayar burki, tayoyin tirelar su kama da kansu. Wadda ake haɗawa a garejinmu da tsohon ƙarfen ƙafar mota da katako ba ta da wannan, burkin motar ne kaɗai zai tsayar da su duka biyun. Dokar Ingila ta ce tirela marar burki kada ta wuce kilo 750, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da babu kowa a ciki, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Dokar tasu ce, amma lissafin na ko'ina ne, don ƙarfe bai san ƙasa ba. Golf 3 nauyinta tan 1 ne da 'yan kai, rabinsa kilo 500 da wani abu. In tirelar kanta ta ci kilo 200, saura buhu 3 na masara mai kilo 100. Buhu 3 fa, jama'a. Na san wani yana jina yanzu yana cewa shi goma yake ɗorawa kuma lafiya lau yake zuwa yana dawowa. Allah ya ƙara tsarewa, amma burkin da aka yi wa tan 1 da rabi ne yake sa wa aikin tan 2 da rabi, kuma bai san ranar da burkin zai ce ya gaji ba.

To sai jikin motar. Hilux da Land Cruiser suna da shasi daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka ɗora bodi a kai, nan ƙugiya ke kamawa ba fargaba. Ƙananan motoci kuwa bodin shi ne shasin: siririn ƙarfe ne aka lanƙwasa aka liƙa, ƙarfinsa yana cikin siffarsa. A bayan irin waɗannan akwai wasu kwaroron ƙarfe guda biyu da suka taho daga ƙarƙashin kujerar baya zuwa bamba, a nan kamfani ya tanadi hudojin ɗaura ƙugiya. Kuma a nan ne matsalar tsohuwar motar Kwatano take. Ta yi shekara 15 ko 20 tana bin titunan da ake barbaɗa wa gishiri duk lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige kwaroron ya kwanta, tsatsa ta ci daga ciki. Ta waje kuwa baƙin kwaltan nan da aka fesa ya rufe komai, sai ka ga ƙarƙashi sumul.

Bakanike na kirki ba ya yarda da ido. Zai ɗaga motar, ya kwanta ƙarƙashinta da fitila, ya ɗauki sukundireba ya riƙa cakar kwaroron nan taƙi bayan taƙi, yana bugawa da ƙaramar guduma yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi. Wanda tsatsa ta cinye sai ka ji buf, jan gari ya zubo masa a fuska, wani lokaci ma sukundireban ya burma ciki gaba ɗaya. In haka ta faru, a haƙura da maganar ƙugiya har sai an yanke ruɓaɓɓen an sa sabon ƙarfe mai kaurinsa. Haka nan motar da aka taɓa bugawa ta baya aka miƙe ta da wuta, ban ba da shawarar a ɗora mata ja ba. Ita ma wadda ta zo da ƙugiyarta tun daga Turai, a duba ta haka, don ƙugiyar tana iya zama garau alhali abin da ta kama ya mutu.

Wace ƙugiya za a saya? Wadda aka yi wa wannan motar, samfurinta da shekararta. Ta Golf mai gajeren baya ba za ta zauna a mai dogon baya ba. A wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci ana samun su a jikin bodin da aka yanka, kuma ta gaskiya tana da ɗan allo a jikinta da harafin e da lamba: e1 Jamus ke nan, e2 Faransa, e4 Holan, e6 Beljiyam, e11 Ingila. Wannan shaida ce cewa an gwada ta a kan na'ura an tabbatar. A Ingila duk motar da aka yi wa rajista daga 1 ga Agustan 1998 dole ƙugiyarta ta zama mai wannan shaida. A allon kuma akwai harafin S da lamba, galibi tsakanin 50 da 100, wato kilo nawa ƙwallon zai iya ɗauka a kansa. Riƙe wannan lambar, za mu dawo gare ta.

Ɗaurawar da noti ake yi, ba da walda ba. Ina ganin girman masu waldarmu, da hannunsu ake riƙe da rabin motocin ƙasar nan, amma wannan wuri ba na wuta ba ne. Zafin walda yana raunana siririn ƙarfe a gefen ɗinkin, yana ƙone maganin tsatsar da ke cikin kwaroron inda hannu ba ya kai, ga tankin mai kusa. Tirela kuwa ba ja kawai take yi ba: tana fizga, tana turowa, tana dannawa ƙasa, tana ɗagawa sama, sau dubbai a tafiya guda, kuma ɗinkin walda a siririn ƙarfe ta nan yake fara tsagewa. Mafi muni shi ne a liƙa ƙwallo a jikin ƙarfen bamba, ko a ɗan zoben nan da ake ɗaura igiya in mota ta mutu. Ba a yi su don wannan aiki ba.

Yadda ake yi shi ne a cire bamba, a kankare baƙin kwaltan daga duk inda ƙugiya za ta zauna, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, don in an ɗaure a kan kwalta zai lotse daga baya noti ya saki. In sai an huda, a shafa wa bakin hudar fenti. In noti zai ratsa ta cikin kwaroro, dole a zura ɗan bututun ƙarfe a ciki ya tokare, in ba haka ba matsewar za ta murƙushe kwaroron. A duba kan kowane noti a ga an buga 8.8 ko 10.9, wanda kansa fili ne na ƙofa da taga ne, a mayar wa mai shi. A sa dukkansu da hannu tukuna, ƙugiyar ta daidaita, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana mai awo. In an gama, mota na ɗauke da kayanta, tsakiyar ƙwallon ya kasance santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa.

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman, domin mu motocin Turai da na Amurka duk suna shigo mana. Amurkawa da inci suke awo. Suna da ƙwallo mai inci 2, wato milimita 50.8, da wani ƙarami mai milimita 47.6. A ido duk ɗaya ne da na Turai. In aka kifa bakin tirela mai milimita 50 a kan wannan ƙaramin, zai kulle kamar gaske, amma yana wasa a ciki, rami ɗaya mai kyau ya isa ya fitar da shi. Shi ma ƙwallon Turai in ya goge ya sauko ƙasa da milimita 49, aikinsa ya ƙare. A auna, awon ba ya cin minti guda.

Maganar wuta ba ta da tsawo. Tirela tana rufe fitilun mota, don haka dole ta samu nata: na burki, na sigina, na dare. Soket mai baki 7 ya wadatar, kuma a nan tsohuwar mota ta fi sabuwa sauƙin kai, mai rewaya zai jona kai tsaye daga wayoyin fitilun baya. Motar da kwamfuta ke sarrafa fitilunta ce ke bukatar ƙarin na'ura. In ka taka burki ka ga sigina na ƙiftawa, wayar ƙasa ce ba ta kama da kyau ba. Tirela marar wuta a hanyar Funtuwa da daddare, tsakani da Allah, tarkon mutuwa ce ga mai babur da ke tafe a baya.

A watan Janairun 2014, a birnin Bristol na Ingila, wata tirela mai nauyin tan 2 ta ɓalle daga bayan Land Rover, ta hau gefen titi ta kashe yaro ɗan shekara 3 yana tafe da mahaifiyarsa. Bincike ya nuna bakin tirelar bai kulle a kan ƙwallon yadda ya kamata ba. Ƙasa ce mai doka da duba motoci da tituna masu kyau, amma hannu ɗaya da bai tabbatar ba ya jawo wannan. Saboda haka duk lokacin da ka kifa bakin, kada ka tsaya ga jin ƙas. Kama wuyan ka ɗaga da ƙarfi, ko ka murɗa ƙaramar tayar gaban tirelar har ka ga bayan mota na ɗagowa tare da shi. Sannan sarƙa. Tirela marar burki tana son sarƙa daga wuyanta zuwa jikin ƙugiya, mai saki daidai yadda za a sha kwana, amma gajeriyar da in baki ya fita wuyan ba zai caki kwalta ba. In biyu ne, a gicciya su ta ƙarƙashin wuyan su tallafe shi.

Lodi kuwa, duk wanda ya taɓa ɗaura amalanken shanu ya riga ya san karatun. In ka tara taki a bayan taya, sandar gaba ta ɗaga, karkiya ta shaƙe shanu. In ka tara shi gaba, ta danne musu wuya. Haka tirela take. Kaya mai nauyi ya zauna ƙasa, a kan taya da ɗan gabanta, kusan kashi 60 cikin 100 a gaba. Wuyan ya danna ƙwallo da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirelar, kuma kada ya wuce lambar S ɗin nan. Tirela mai kilo 500 ke nan wuyanta ya yi kilo 25 zuwa 35, abin da namiji zai ɗaga da hannu biyu ya ji nauyinsa. In ka ɗaga da yatsa biyu, lodinka yana baya, sauke ka sake. A ɗaure kaya tamau, don janareton da ya zame baya a tsakiyar tafiya ya rushe duk lissafin da aka yi a gida. Kuma mutum ba ya hawa tirela. Ko 'yan aikin gona ne, ko yaran gida, ko nan da can ne.

Ita tsohuwar motar ma a tausaya mata. Lagireton da ke lallaɓawa da mota ita kaɗai, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri inda ake haura digiri 40, tafasa zai yi in an ƙara masa rabin tan. A wanke shi, a tabbatar fanka na tashi. Man burki yana shan laima da daɗewa, in ya yi zafi ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafa ta tafi ƙasa ba komai. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, abin da yawancinmu ba mu taɓa yi ba. Kulocin da ya fara zamewa tirela za ta ƙarasa shi cikin mako. A jikin taya akwai lambobi huɗu, mako da shekarar da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Tayar tirela ta fi mutuwa da tsufa da rana, zanenta na nan raɗau amma gefenta duk ya tsattsage.

Ranar farko kada ka nufi kasuwa. Nemi fili, tirela babu kaya, ka yi ta zagaye har jikinka ya san tsawonka ya ƙaru. A kwana tirela tana yanke hanya ta ciki, don haka ka buɗa kafin ka karya, in ba haka ba tayarta ta faɗa kwata ko ta kwashe tiren mai talla. Ribas shi ke ba kowa kunya, kuma dabararsa ɗaya ce: ɗora hannu a ƙasan sitiyari, duk inda hannunka ya nufa nan bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa. In ta fara naɗewa, kada ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa, wannan ba gazawarka ba ce.

A kan hanya, ninka ratar da ka saba bari tsakaninka da na gaba. Jamus, ƙasar da wasu manyan hanyoyinta ba su da iyakar gudu, kilomita 80 ta yanke wa mota mai tirela, sai mai izini na musamman ke kai 100. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ma kilomita 45 ta ba motar janwe in tana jan wata. Da ramukanmu da tudun rage gudu a kowane ƙauye, ni a ganina sabon shiga mai tirela marar burki ba shi da abin nema sama da 60. A gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, sa ƙaramar giya tun daga sama inji ya riƙe motar, domin burkin da aka kwanta a kansa tun daga kan tudu ba ya kai wa gindi da ƙarfinsa.

Akwai kuma lokacin da babbar mota za ta wuce ka da iska, ko gudu ya yi yawa a gangara, sai ka ji bayan motarka na rawa, ka duba madubi ka ga tirela na kaɗawa dama da hagu, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi. Ƙafa za ta so taka burki, hannu zai so kokawa da sitiyari. Duka biyun ƙara abin suke yi. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗage ƙafa daga totur a hankali, bar gudun ya sauka da kansa. Wasu na cewa a ƙara wuta ta miƙe. Kada ka saurare su, gudu ne ya haifar da rawar. In ta lafa, sauka gefe ka duba lodi, kusan kullum za ka tarar nauyi ya koma baya.

Bari in ɗan ratse ga mutanenmu na ƙasar rairayi, daga Gaidam zuwa Damagaram. In mota ta kafe, kada a rataya igiya a ƙwallon nan a ja da baya a fizga. An yi shi don nauyi mai bi a hankali. Fizga mai ƙarfi tana iya karya shi daga wuya, igiyar ta harbo dunƙulen ƙarfen ta gilashin motar da ake ja, kuma an yi asarar rayuka ta haka a Ostireliya, inda ake yawan tuƙi a rairayi. A nemi wurin da kamfani ya tanada don ɗaura igiya, jama'a kuma su matsa nesa.

In ka yi kilomita 10 na farko da kaya, tsaya. Taɓa tsakiyar tayar tirela da bayan hannu: ɗumi ba laifi, amma in ta ƙone ka, boris na neman giris ko ya mutu, kuma boris in ya ci wuta tayar gaba ɗaya ke fita. Ja igiyoyin kaya ka ji, leƙa bakin da sarƙa, sa wani ya tsaya a baya ka taka burki ya ga wuta. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 kuma ka koma wurin bakaniken da ya ɗaura ƙugiyar, ya sake bin notinan nan da sifana mai awo, domin sabon ɗauri yana zama, ya ɗan saki.

 Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya.